Gaskit ɗin motata ya ƙone a hanyar Bahra, kuɗin iƙamar iyali kaɗai ke hannuna: in taɓa ko in bari?

Abu Safiyya, Bahra

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Jidda da Makka da Madina. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba. Yau kwana huɗu ke nan ba na barcin kirki, shi ya sa na ce bari in kawo maganata gaban waɗanda suka san ƙasar nan kuma suka san mota.

Ina aiki a wani sito a Khumra, kudancin Jidda, shekara tara ke nan. Da a Karantina muke zaune da mai ɗakina da 'yarmu, har lokacin da aka rushe unguwar. Muka zagaya cikin gari neman haya, duk inda muka je ya fi ƙarfinmu, sai muka tattara muka koma Bahra. Tun daga ranar mota ta zama ƙafata. Wajen kilomita 40 zuwa, 40 dawowa, kwana shida a mako. Corolla ce 'yar 2009, ni ne mutum na uku da ya riƙe ta, ta ci sama da kilomita 390,000, amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba sai wannan karon.

Ranar Talata da la'asar ina dawowa, rana na dukan kwalta, na'urar sanyi a kunne, sai na ga allurar zafi ta wuce tsakiya tana hawa. Na gan ta da idona. Na ce a raina saura kaɗan in kai mafita, bari in lallaɓa. Ban yi kilomita biyar ba wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika motar, tururi ya fara fitowa ta gefen bonet, injin ya rage ƙarfi, ya yi gyatsa biyu ya mutu. Na samu na gangara gefen titi. Na tsaya a ranar nan fiye da awa guda kafin satha, motar da ke ɗaukar mota, ta zo, mai ita ya karɓi riyal 250 ya sauke mu a sana'iyya, unguwar bakanikai.

Gaskiya ɗaya ce, laifina ne. Wata biyu ke nan lagireto yana rage ruwa. Akwai wata 'yar tsaga siririya a robar samansa, kusa da murfi. Na nuna wa mai banshar ɗin unguwarmu, wato mai facin taya, ya shafa mata gam, ni kuma kullum da asuba in cika gora da ruwan famfo in ƙara. Ina ta cewa sai albashin wata mai zuwa. To ga inda wata mai zuwan ya kai ni.

Warsha (gareji) ta farko ko buɗe injin ba su yi ba, suka ce sai an sauke shi gaba ɗaya an yi masa tawdib, wato a kwance shi a gyara duka, riyal 5,500. Ta biyu, wani dattijo ne, ya ce yana zaton gaskit ne ya ƙone kan injin kuma ya lanƙwashe, zai yi a 2,300 da kaya da aiki, amma in ya buɗe ya tarar da ɓarna a ƙasa to magana ta canza. Wani kuma da ke tsaye a wurin ya ja ni gefe ya ce in daina wahalar da kaina, in je tashlih na Biriman, inda ake sayar da kayan matattun motoci, in ɗauko injin sukutum a wajen 3,500, a ɗaura min a 700. Na kira masu ta'amin, wato inshora, ma, ko da na san amsar. Nawa na wajibi ne, wanda ke biyan motar wanda ka buga, ba ruwansa da injin da ya ƙone.

Ga yadda aljihuna yake, ba zan ɓoye muku ba. Albashina 3,800. Haya 1,000. Kuɗin zaman iyali 400 kan kowane mutum a wata, na mutum biyu 800 ke nan. Mai 91 a 2.18 lita, yana cin min wajen 350. Ina tura wa mahaifiyata 300 a Kano, wannan ko zan kwana da yunwa ba na fasa shi. Cefane da sabulu da sauran na gida 1,100. Ɗan abin da ya rage wuta da waya su cinye. Yanzu haka riyal 600 ne nawa na kaina, bayan na biya satha.

Sai kuma 2,400 da na ware a ambulan, na wata uku na iyali. Iƙamarmu, wato takardar izinin zama, saura mako biyar ta ƙare, kuma kun san ba a sabunta ta sai an biya wannan kuɗin. Tun ranar Talata idona yana kan ambulan ɗin nan. Zuciyata tana ce min in ɗauka in gyara mota, kafin mako biyar Allah zai kawo wata hanya. Wata zuciyar kuma tana ce min wannan ba kuɗina ba ne. Mai ɗakina ta san mota ta lalace, amma ban faɗa mata adadin ba, ba na so hankalinta ya tashi.

Yanzu wani abokin aikina ɗan Yaman nake bi, ina ba shi 15 kullum, amma shi ma ƙarshen wata zai tafi hutu. Don Allah wanda ya san injin ya faɗa min wace hanya ce a cikin ukun nan ba za ta sake mayar da ni warsha ba. Wanda kuma ya taɓa shiga irin wannan matsi ya faɗa min ta ina ya ɓullo.

Usta ɗan Mai Wurno, Jidda

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Allah ya sa iyakar wahalar ke nan, an gode Allah da motar ta tsaya ba ta kama da wuta ba. Ni bakanike ne, tun ina yaro a Sudan nake ƙarƙashin mota, a Jidda kuma shekarata goma sha bakwai.

Kafin ka ba kowa ko riyal ɗaya, je ka wurin motar ka duba min abu kaɗan. Zaro sandar bakin mai ka kalli launinsa. Baƙi ne, ko ya koma kamar shayi da madara? Buɗe murfin da ake zuba man ka kalli cikinsa. Sannan ka cika lagireto da ruwa injin yana sanyi, ka bar murfin a buɗe, ka tayar na minti ɗaya kacal. Ka ga ko ruwan yana tafasa da kumfa tun injin bai yi zafi ba, ka kuma kasa kunne ko akwai ƙara daga ƙasa kamar ana buga ƙarfe da guduma. Ka kuma tuna min, kafin wannan abin, tana shan bakin mai? Tana hayaƙi shuɗi da safe?

Dalilin tambayar shi ne, kan injin irin naka na alminiyam ne. Zafi in ya yi yawa shi ne farkon wanda ke lanƙwashewa, sai gaskit da ke tsakaninsa da gangar injin ya saki, iskar wuta ta shiga hanyar ruwa, ruwa ya shiga silinda. In ɓarnar ta tsaya a nan, aikin sama ne kawai. A cire kan, a kai makharaɗa, wurin masu sharar ƙarfe, su matsa shi da iska su ga ko ya tsage, su ɗora masa ma'auni su ga yadda ya karkace, su share shi ya daidaita. Fistin da ringi da kuranshaf ba wanda zai taɓa su. Wanda ya ce maka tawdib tun bai kwance ko noti ɗaya ba, to kuɗin ya gani, ba injin ba. Dattijon nan na biyu maganarsa irin ta mai sana'a ce, har da cewar da ya yi sai ya buɗe zai tabbatar. Haka gaskiyar take.

Injin tashlih kuwa cinikin biri a sama ne. Za a wanke shi ya yi ƙyalli a ce maka ɗan Japan ne bai yi tafiya ba, kai kuma ba ka da yadda za ka gane. Wani ya dace, wani ya sayo abin da ya fi nasa lalacewa. Kai da ba ka da kuɗin ɗauri biyu, ba na ba ka shawararsa sai in an buɗe an ga naka ya mutu. In ta kai ga haka, ka sa su rubuta maka garanti a takarda, da lambar injin, kuma a rubuta cewa kwanakin suna farawa daga ranar da aka ɗaura, ba ranar da ka biya ba. Mutane da yawa garantinsu a ƙasan warsha yake ƙarewa injin bai ma hau mota ba.

Game da kaya, kada ka yi jimla da bakanike. Ku yi cinikin aikin hannunsa daban, ya rubuta maka abin da ake buƙata ka je ka sayo da kanka. Gaskit ka sayi na asali, nan ba wurin neman araha ba ne, domin in ya sake saki kuɗin aiki za ka sake biya gaba ɗaya. Balf ɗin harara, mai daidaita zafin injin, da murfin lagireto su ma na asali, ba su da tsada. Lagireton kansa na kasuwa mai kyau ya isa. In kan injin ya tsage, shi kam za ka iya ɗauko shi a tashlih, amma ka wuce da shi makharaɗa a gwada kafin ka bar mai shi ya tafi da kuɗinka. Duk abin da aka cire a motarka ka ce a ajiye maka ka gani.

Abu biyu kuma, don na san za a faɗa maka su a sana'iyya. Za a ce a cire balf ɗin harara a yar, wai ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Kada ka yarda. Shi ke tsare ruwa ya daidaita zafin injin, in babu shi mota ta riƙa shan mai tana cin kanta a hankali. Na biyu, ruwan famfo ka rabu da shi. Yana sa tsatsa da gishiri su toshe hanyoyin lagireto su cinye famfon ruwa, kuma yana saurin tafasa. Ruwan lagireto na gaske ka zuba, wanda ya dace da Toyota.

Abu Safiyya, Bahra

Usta, Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Na roƙi izini a wurin aiki na je da azahar. Man baƙi ne, bai koma fari ba, sai dai a cikin murfin akwai wani abu kamar kindirmo kaɗan. Ta tashi a bugu na biyu, tana rawa sosai, salansa na fitar da farin hayaƙi, kumfa kuma na ta ɓulɓulowa a bakin lagireto nan take. Ƙarar guduma dai ban ji ba, na sa dattijon ma ya saurara ya ce babu. Da can tana rage kamar rabin lita kafin lokacin juye mai, hayaƙi shuɗi kuwa ban taɓa gani ba.

Usta ɗan Mai Wurno, Jidda

To alhamdu lillahi, alamun aikin sama ne. Rabin lita ga motar da ta yi wannan tafiyar ba komai ba ne. Kada ka sake tayar da ita. Ka ba dattijon ya buɗe, ka kuma bi kan injin zuwa makharaɗa da ƙafarka ka ji abin da za su ce da kunnenka. Tunda an buɗe, ka ce ya girgiza famfon ruwa ya gani.

Baba na Jarwal, Makka

Ɗana Abu Safiyya, sannu da wannan jarrabawa. Jikana ne yake rubuta min, ni ido ya yi rauni. Maganar injin na bar wa Usta, ni a kan ambulan zan yi magana.

Kada ka taɓa shi. Ka ɗauke shi daga inda idonka yake kai, in da hali ma gobe ka biya shi ka huta, tunda ana karɓar na wata uku. Na yi tuƙi a Makka shekara talatin da ɗoriya, na ga abin da mota ke yi wa mutum, na kuma ga abin da takarda ke yi masa. Mota in ta kwanta, kai kaɗai za ka sha rana. Iƙama in ta mutu, gidan duka ne ya kwanta. Tara tana jiranka, 500 karon farko, na biyu 1,000. In ta daɗe banki ya riƙe asusunka, kome ka je yi a ce sai ka sabunta. Ga fargabar da za ka sa wa matarka ko shago za ta fita. Mu baƙi ne a ƙasar nan, ɗana, ko da a nan aka yanke wa mutum cibiya. Baƙo kuwa takardarsa ce rigarsa.

Cewar da zuciyarka take yi Allah zai kawo kafin mako biyar, Allah mai kawowa ne, ba shakka. Amma ai ya riga ya kawo, shi ne wanda ke cikin ambulan, kuma da sunan mutum biyu ya zo. Na taɓa yin irin wannan lissafin a shekarun baya da kuɗin haya, giyar motata ta lalace na ce kafin mai gida ya zo na mayar. Aka buɗe giya aka ga wani abu, aka buɗe wani abun aka ga wani. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wata huɗu ina kauce wa mai gida a masallaci, mutumin da muke sahu ɗaya. Har yau in na tuna sai na ji nauyi.

Ka je wurin mai gidan aikinka ka nemi sulfa, wato bashi a kan albashi. Shekara tara kana riƙe masa sito, ba roƙo ka je yi ba. Kada ka aika, kada ka rubuta ta waya, ka shiga ofis ka zauna ka faɗa masa abin da ya faru da adadin da kake so da yadda za a riƙa cirewa. Shi ma ya fi so ka iso aiki a kan lokaci. In kuma wurin ɗan'uwa za ka ranta, bashi hanji ne yana cikin kowa, babu kunya. Sai dai ku rubuta, da rana da wata, kamar yadda aka umarce mu a ƙarshen Baƙara. Rubutun nan shi ke tsare zumunci.

Akawu, Jidda

Ƙari a kan maganar Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. A dokar aiki ta ƙasar nan, bashin da ma'aikaci ya karɓa wurin mai aiki ba a cire masa fiye da kashi 10 cikin 100 na albashi a wata. Kai naka 380 ke nan. Ka san wannan kafin ka shiga, don kada a ce za a zare shi duka a albashi ɗaya ka rasa na cefane. Kuma ka karɓi fatura, wato rasit, a duk shagon da ka sayi kaya, ka tambaya ko farashin da aka faɗa maka har da harajin kashi 15, don wasu sai ka zo biya suke ɗora shi.

Ɗan Sabil

Yaya Abu Safiyya, ka yi haƙuri ni zan faɗi wadda ba a so. Motar da ta ci 390,000 yau gaskit ne, gobe giya, jibi kwamfuresa. Rijiya ce kake zuba wa kuɗi. Ka ɗauki hotonta ka sa a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, yadda take, ka karɓi abin da ya samu ka ajiye. Kai da kanka ka ce 15 kake ba abokin aikinka. A kwana 26 bai kai 400 ba, kusan kuɗin man da kake sha ne, kuma ba ta'amin, ba fahas (gwajin lafiyar mota), ba istimara (rajistar mota), ba taya, ba juye. Bahra cike take da masu zuwa Jidda aiki, in wannan ya tafi hutu wani yana nan. Ni shekara biyu ke nan da na sayar da tawa, wallahi sai yanzu nake ganin ragowar albashi.

Abu Safiyya, Bahra

Ƙanena, ban ji haushi ba, lissafinka daidai ne, ni ma na yi shi a daren Laraba. Da ni kaɗai ne da na bi shawararka. Abin da ban faɗa ba a sama shi ne 'yarmu Safiyya tana da sikila. Shekararta shida. Ciwon ba ya sallama, kuma ya fi son tsakar dare. Za ka ji ta fara kiran ƙafarta, kafin rabin awa ta kasa miƙewa, ko taɓa ta ka yi sai ihu. Sau uku a bara na naɗe ta a bargo ƙarfe biyu ko uku na dare, uwarta ta rungume ta a kujerar baya, na kama hanyar asibiti. A wannan lokacin ba zan tsaya ina danna waya ina jiran mota ta amsa daga Jidda ba, ba kuma zan riƙa buga ƙofar maƙwabci kowane wata ba. Kwana huɗun nan da motar take sana'iyya, abin da ya hana ni barci ke nan, ba zuwa aiki ba. Duk tarin da ta yi sai na tashi zaune.

Usta ɗan Mai Wurno, Jidda

Allah ya ba ta lafiya. Ɗan Sabil, ko sayarwar ce ma ba a sayar da mota a kwance. Dillalai ne za su yi mata caa, su saye ta da kuɗin ƙarfe, su kashe dubu biyun nan su sayar da riba. In zai rabu da ita, ya tashe ta tukuna. Kuma irin wannan Corolla injinta sarƙa ne ba bel ba, kayanta ko'ina akwai, kowane bakanike ya san ta. Ga mai ƙaramin ƙarfi ban ga abin da zai saya da kuɗinta ya fi ta ba.

Maman Hafsa, Madina

Malam Abu Safiyya, Allah ya ba Safiyya lafiya, ya sa kaffara ne. Ni abu guda ya tsaya min a rai cikin bayaninka, inda ka ce ba ka faɗa wa mai ɗakinka adadin ba.

Don Allah ka faɗa mata yau. Kana ganin kana kare ta ne, alhali ta riga ta gani a fuskarka, tana can tana saƙa abin da ya fi gaskiyar muni. Abban Hafsa ya taɓa yi min haka lokacin da giyar motarsa ta tafi. Ya yi shiru, ya je ya ranto a wurin da bai kamata ba, ni kuma ina ta dafa abinci yadda na saba, har da sayen atamfar biki. Ranar da na ji sai da na yi kuka, ba don bashin ba, don a lokacin ina da kuɗi a ƙasan akwati da za su rage rabinsa. Mu mata ba ma rasa ɗan abin da muka ɓoye, kuma saboda rana irin wannan muke ɓoye shi. Ko ba ta da ko halala, ita ce mai riƙe da tukunya. Ita ta san inda 1,100 ɗin nan zai koma 900 ba tare da yarinya ta ji a jikinta ba.

Sannan in tana cikin adashi, ko kai kana cikin jam'iyyar zubi a wurin aiki, a yi wa uwar adashi magana a yi musanyar kwasa. Mu a namu mutum goma ne, zubin 200 duk wata. Ka'idarmu ce, mai rashin lafiya ko wanda wani abu ya faɗo wa shi ake ba, mai kwasar watan ya koma gurbinsa. Ba a taɓa samun wadda ta ƙi ba, don kowa ta san ranarta tana zuwa.

Tun daga abin da ya same mu na ware gwangwanin madara guda, na huda murfinsa. Duk ranar da Abban Hafsa ya fita da mota sai ya jefa riyal biyar kafin ya ɗauki makulli. Ba ya buɗuwa don cefane ko anko ko baƙi. Batir ɗin da muka saya bana daga ciki ya fito, har da canji.

Abu Safiyya, Bahra

'Yan'uwa ku gafarce ni, kwana tara ban leƙo ba. Motar tana ƙofar gida.

Baba, washegarin maganarka na biya 2,400 ɗin, an sabunta mana. Da na ga saƙon ya shigo waya sai na ji kamar an sauke min dutse, duk da a lokacin ban san inda kuɗin gyara zai fito ba. Na shiga wurin mai gidan aikinmu kamar yadda ka ce. Na nemi 1,500, ya ba ni 1,200, za a riƙa cire 300 har wata huɗu. Ya yi min faɗa a kan gam ɗin da na shafa wa lagireto, na kuma karɓa.

Hajiya Maman Hafsa, a daren na zaunar da ita na faɗa mata komai, har da cewa na yi niyyar taɓa ambulan. Ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar jakar ɗinki. Riyal 550 ne a ciki, goma-goma da biyar-biyar, na kitso da lallen da take yi wa matan unguwa. Ta ce tun da muka dawo Bahra take tarawa saboda daren da ciwon Safiyya zai tashi ba ni da ko sisi. Na ce to ai ba za a taɓa wannan ba. Ta ce motar ai ita ce daren. Na kasa ce mata komai.

Usta, na bi kan injin har makharaɗa. Suka nutsa shi a ruwa suka matsa masa iska ina tsaye, ko kumfa ɗaya bai fito ba, bai tsage ba. Mai aikin ya ɗora masa wani miƙaƙƙen ƙarfe ya nuna min haske yana wucewa ta ƙarƙashi a tsakiya, ya ce nan ne ya lanƙwashe. Sharewa da gwaji 250. Gaskit na asali da 'yan uwansa 380, lagireto na kasuwa 320, balf da murfi 140, tiyo biyu 90, ruwan lagireto da bakin mai da filta 210. Dattijon ya karɓi 700 na hannunsa. Famfon ruwan da ka ce a girgiza kuwa, yana taɓa shi ya ji yana wasa, da ya ciro shi fukafukansa duk tsatsa ta cinye, ya miƙo min ya ce ga aikin ruwan famfo. Shi ma 260. Duka 2,350, daidai da abin da muka haɗa, ko riyal ɗaya bai yi saura ba. Yaronsa ya so ya cire balf ɗin, na ce a'a, dattijon ya ce da ma shi ba ya cirewa.

Kwana uku ke nan ina zuwa Khumra da ita, na'urar sanyi a kunne, allura ba ta wuce inda ta saba tsayawa ba. Kullum da asuba ina duba robar ruwa, bai ragu ba. Gwangwani kuma an huda, yana kan firij.

Saura abu ɗaya. Fahas ɗina wata mai zuwa ne, 115 ɗinsa zan iya, amma tayoyin gaba sun suɗe, gefensu har ya fara tsattsagewa. Mai banshar ya ce yana da wasu na hannu masu kyau, biyu a 160. Da cirewar 300 ɗin nan ban ga yadda zan sayi sababbi huɗu ba. Sayis ɗin 195/65 R15 ne.

Usta ɗan Mai Wurno, Jidda

Barka, barka. Bayan kilomita 1,000 ka sake juye bakin man, ko da ka ga yana da kyau, don ragowar ruwan da ya shiga ya fita.

Na hannun nan ka bar masa abinsa. Titin Makka da rana tsaka ba ya ɗaga wa tsohuwar taya ƙafa, kuma yarinya kake ɗauka a motar. Ba sai ka sayi huɗu ba. Sayi sababbi biyu ko da masu sauƙin kuɗi ne, a sa su a baya, na bayan a dawo da su gaba in suna da sauran rai. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka duba na sababbin kafin a ɗaura, kada a ba ka waɗanda suka kwana a sito. Na bayan naka ma ka karanto min lambarsu gobe in gani.